Tsohon Kaya Ba Ya Biyan Haraji

Ranar da Mai Kwantena ya zo duba kaya, Yaya tana durƙushe a tsakiyar falon Auta tana naɗe kofunan gilashi da tsofaffin jaridu. Tun da safe aka kira ta, ta rufe shagon ɗinkinta ta taho, don Auta ta ce bayanta yana ciwo, ba ta iya sunkuyo. Auta ƙanwarta ce, ciki ɗaya. Mijin Auta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya samu aikin dindindin a ƙasar waje, kuma tafiya ce ta zama, ba ta dawowa ba, sai dai ziyara in Allah ya nufa.

Yaya tana naɗi tana satar kallo. Ga rigunan sanyi masu gashi a wuya an jibge kan kujera, ga akwatuna masu taya, ga firij sabo dal a kwalinsa ya kusa taɓa rufi. Auta kuwa tana kishingiɗe tana waya da wata ƙawarta, tana cewa, "Wallahi ni fargabar sanyin nake yi." Yaya ta ɗauki wani kofin ta naɗe. Ita ta goya yarinyar nan, ita ta wanke mata kashi da fitsari, yau ga shi ita ce mai naɗe mata kofuna.

Mai Kwantena wakilin kamfanin jigilar kaya ne, gajere mai tumbi, da biro a maƙale a kunne. Ya zagaya falon yana ƙwanƙwasa kwalaye da bayan hannu, sai ya tsaya ya ɓata fuska.

"Injiniya, waɗannan duk sababbi ne?"

"Sababbi fil," in ji Injiniya yana murmushi. "Gidan kamfani muke zaune, gado da kujeru duk nasu ne. Da takardunmu suka fito sai na shiga kasuwa."

"Kash! Da ka tambaye ni kafin ka saya. Can inda za ku, 'yan kwastan ba sa taɓa kayan gida da mutum ya daɗe yana amfani da su. Tsohon kaya ba ya biyan haraji. Amma sabo, da ledarsa, da ƙanshin kanti? Za su yanka maka harajin da za ka gwammace ka bar musu kayan."

Auta ta sauke waya daga kunne. "To a cire su daga kwali mana."

"Ranki ya daɗe, su ma fa da idonsu. Aikinsu ke nan safe da yamma. Firij ɗin da bai taɓa ganin ruwa ba, daga bakin ƙofa suke gane shi."

Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Can sai ya juyo wajen da Yaya take durƙushe, ya yi mata kallon da bai taɓa yi mata ba tun da ya auri ƙanwarta.

"Yaya, wai firij ɗin nan na ɗakin Mama, ya daɗe ko?"

Yaya ta ci gaba da naɗi.

Washegari da yamma aka taru a ɗakin Mama. Har Kawu aka kira, ƙanen Mama, wanda ba a ganinsa a gidan sai in akwai maganar da ake so a danne wani da ita. Mama tana zaune bakin gadonta na katako, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, Auta ta ɗora kai a kafaɗarta. Yaya ta tsaya jikin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, don daga kan aiki aka taso ta.

Injiniya ya iya magana, wannan kowa ya shaida. Ya ce musanya kawai za a yi. Su ɗauki tsohon firij, su bar wa Mama sabo. Su ɗauki gadon katako, su kawo sabo mai katifa ta masu ciwon baya. Darduma, kujerun falo, tukwane, duk haka. "Mu mun tsira daga haraji, ku kun samu sabon kaya. Ai ku ne da riba."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Mama. "Ɗan halak ke nan."

"Saura abu ɗaya," Auta ta faɗa da ƙaramar murya, ba ta ɗago kai ba. "Keken Yaya."

Shagon Yaya ɗakin ƙofar gida ne, kuma keken shi ne shagon. Babba ne, baƙi, mai motar lantarki a ƙasa, sai ƙarti sun haɗu suke ɗaga shi. Yana cin kaki kamar yadda wuƙa ke cin sabulu. Da shi take ɗinka kayan makarantar unguwa duk farkon zango, da shi take sayen allurar ciwon sukari ta Mama, da shi ake ɗora tukunya a gidan tun rasuwar mahaifinsu.

"An ce can ɗinki tsada gare shi," in ji Auta. "In ina gida ba na komai, sai in riƙa yi wa mutanenmu. Na sayi sabo, to ga maganar harajin nan. Sai ki riƙe sabon."

"Na gan shi a falonki," Yaya ta ce. "Na roba ne, Auta. Na gyaran maɓalli da kalmasa ne. Ba zai ɗinka kaki ba."

"Sabo ne fa, Yaya," in ji Injiniya. "Na zamani. Naki kuwa tun yaushe?"

"Nawa na san halinsa. Ku ɗauki komai, ban hana ba. Keke kam a'a."

Auta ta ɓoye fuska a jikin Mama, kafaɗunta suka fara rawa. Mama ta shafa mata kai, sannan ta ɗago ta dubi Yaya da idon da Yaya ta fi sani a duniya.

"Ke dai, Babba, ban taɓa ganin alheri ya nufo yarinyar nan kin yi murna ba. Za ta tafi ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba, abu ɗaya ta roƙe ki, kin tsaya kina ja da ita kamar a kasuwa."

"Mama, da shi muke ci."

"Ji mana! Gori za ki yi min?"

Kawu ya gyara murya. "'Yata, bari in gaya miki gaskiya. Hassada ga mai rabo taki ce. Tun da aka fara maganar tafiyar nan fuskarki ba ta saki ba, kowa ya lura. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Gobe in ƙanwarki ta yi ƙarfi, wa zai sha romon in ba ke ba?"

Da ƙarya ya yi wa Yaya, da ta san abin da za ta ce. To, amma akwai gaskiya a ciki, kuma ita ta fi kowa sani. Ta sha kwana tana juyi tana tambayar kanta me Auta ta fi ta da shi. Ta sha jin Mama tana yi wa maƙwabta albishir da muryar da ba ta taɓa ambaton shagon ɗinki da ita ba. Abin da take ta ɓoyewa a ƙirjinta, yau Kawu ya tono shi ya shanya a tsakiyar ɗaki, kowa yana kallo. Kunya ta rufe ta. Ta ga hanya ɗaya ce za ta wanke kanta.

"Ku ɗauka," ta ce.

"Yauwa, ko ke fa," in ji Kawu.

Ranar lodi, wata doguwar mota ta toshe layinsu, yara da manya suka fito kallo. 'Yan dako suka fara da firij. Yaya ta kwashe alluran Mama daga cikinsa ta zuba a kwano, ta tsaya riƙe da shi a tsakar gida ba ta san inda za ta ajiye ba. Aka kwance gadon katako, aka naɗe darduma, aka fitar da kujerar da mahaifinsu ke zama a kai yana sauraren rediyo. Mama tana kan tabarma a inuwa tana nuni da sanda: "Ku haɗa da madubin can. Babba, ina babbar tukunyar nan? Ɗauko mata." Maƙwabta suna shigowa suna yi wa Auta murna, ana rungume ta, ana cewa kar ta manta da su. Wata ta dubi Yaya ta ce, "Ke kuma an bar ki da tsohuwa. Allah ya kawo naki rabon." Yaya ta ce amin, haƙoranta a cije.

Keken aka ɗauka a ƙarshe. Da suka ɗaga shi ɗaya ya yi tuntuɓe, kan keken ya bugi bango, Yaya ta yi ƙara kamar ita aka buga. Mai Kwantena ya yi dariya. "Kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Ƙarin tabo ma alheri ne, ya ƙara nuna tsufa."

Da motar ta tafi, gidan ya koma kamar an yi gobara. Magana ma amsa-kuwwa take yi. Da yamma aka aiko da ƙaramin keken a bayan babur. Sauran kayan, Injiniya ya ce sai gobe, motar da ya yi magana da ita ce ta lalace.

Gobe ta zo ta wuce. Jibi ma haka. Mama tana kwana kan tsohuwar katifar Yaya a ƙasa, Yaya kuma kan tabarma. Da ta gaji da jira sai ta je gidan Auta da ƙafarta, ta tarar da falon wayam, ba firij, ba gado, ba kujeru.

"Ina kayan Mama?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Yaya, wallahi dama ina so in same ki. Kuɗin jirgi ne ya tashi ba zato, ga masu jigila sun ƙaro wasu 'yan caje-caje. Dole ta sa na mayar da su kanti. Amma da na karɓi albashin farko, ki zuba ido. Waɗanda suka fi su zan aiko a saya."

"Mama a ƙasa take kwana, Injiniya. Allurarta sai da sanyi."

"Haba Yaya," in ji Auta daga cikin ɗaki. "Kwana nawa ne? Ki bar mu mu tafi da daɗin rai mana. Kullum ke sai kin nemo abin da za ki ɓata wa mutum farin ciki."

Da ta koma gida ta gaya wa Mama, sai Mama ta ce, "To sai me? Yaro yana fama da hidima, ki je ki tsare shi da tambaya kamar ya ci bashinki. Ni na ce miki ƙasa ta dame ni?"

Auta da Injiniya suka tafi a ƙarshen satin. Mota ba ta da wuri, don haka Kawu da Mama ne suka raka su filin jirgi. Yaya ta zauna tsaron gida.

Zangon makaranta ya matso, aka kawo yadin kaki dami-dami aka jibge mata a shago. Ta zauna gaban ƙaramin keken ta yi bisimilla. A wandon farko, da ta zo wajen aljihu inda yadi ya ninku, allura ta karye. Ta sa wata, ta karye. Ta riƙa jan yadin da hannu a hankali kamar mai lallashin jariri, keken yana kuka, zare yana cukurkuɗewa ta ƙasa. Aikin da take gamawa kafin la'asar yanzu sai ya ci mata yini biyu. Wata rana da hantsi ta ji ƙaurin waya, hayaƙi ya fito ta bayan keken, ya tsaya cak. Mai gyara ya buɗe ya leƙa, ya mayar da murfin. "Wannan ai ba a yi shi don aiki ba. Motar ta ƙone, kuma irinta ba ta nan."

Shugabar makarantar ta zo da kanta. Mace ce mai kirki, ta daɗe tana ba Yaya aiki, amma iyaye sun dame ta. Ta dubi damin yadin da ko rabi ba a taɓa ba, ta dubi keken, ta ce, "Ina wancan babban?"

"Ya yi tafiya," in ji Yaya.

Matar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ba da haƙuri, ta sa direbanta ya kwashe yadin.

Alluran Mama kuwa a firij ɗin maƙwabciyarsu suke. Safe da yamma Yaya za ta je ta ƙwanƙwasa. Da farko ana tarbarta da fara'a, daga baya sai a bar ta tsaye a ƙofa, daga baya aka fara cewa, "Wai har yanzu 'yan ƙasar wajen ba su aiko ba?" Ranar da maƙwabciyar ta yi tafiya ta kulle gida ba sallama, Mama ta yini ba allura, da yamma jiri ya kwashe ta a banɗaki. Tun daga nan ba ta iya tashi daga ƙasa da kanta, sai an ɗaga ta. Mama mace ce mai jiki. Ba a daɗe ba Yaya ta fara tafiya da hannu ɗaya dafe da ƙugu. Aka yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Hotuna kuwa ba su fasa zuwa ba. Auta cikin rigar sanyi a gaban wani dogon gini. Auta a kanti tana tura keken sayayya. Auta ta yi haske, kumatu sun fito. Wayar ta Yaya ce, don haka ita ke riƙe wa Mama, tana matsar da hoto da yatsa. "Koma baya. Ƙara girmansa. Allah sarki autata, kin ga ta rame ko?" Yaya tana riƙe da wayar, tana kallon farcen Auta da aka gyara, tana kallon nata da allura ta huhhuda. Wani lokaci ta kan ji kamar ta maka wayar da bango. In Mama ta yi barcin rana sai ita kuma ta buɗe hotunan ita kaɗai, ta yi ta kallo, kamar mai sosa gyambo.

Albashin farko ya zo, aka ce haya ta cinye. Na biyu aka ce mota, don can ba a rayuwa ba mota. Na uku ba a ma yi maganarsa ba.

Da abinci ya fara gagara, Yaya ta yafa mayafi ta nufi shagon Gajera, yarinyar da ita ta koya wa riƙe almakashi, wadda yanzu take da kekuna jere a bakin titi. Gajera ta miƙe tsaye da ta gan ta, ta ba ta kujera, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Anti, ni in ba ki aiki? Ai da kunya."

"Kunya ba ta cika ciki. Ki ba ni keke, ki biya ni yadda kike biyan yaranki."

Aka ba ta na lungu, kusa da buhun ƙyallaye. Aikin farko da aka ajiye mata a gaba wandon kaki ne, na makarantar unguwarsu. Ashe nan aka kawo kwangilar. Ta sunkuyar da kai ta taka keke.

Tana wannan shagon, wata rana da azahar, Auta ta kira tana kuka har ba a jin maganarta. Kwantena ta iso, amma 'yan kwastan sun riƙe ta. Sun ce babban keken ba kayan gida ba ne, injin sana'a ne, sai an biya masa haraji. Sun ce gadon katako yana da ƙwari, sai an yi masa feshi an killace shi. Sun nemi shaidar cewa kayan nasu ne tun da daɗewa, su kuma ba su da ko rasit ɗaya da sunansu. Ga kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa yana hawa kullum. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yaya tana saurare, sai ta ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ashe Auta ma ana ce mata a'a. Ashe akwai ƙofar da kukanta ba ya buɗewa. Daɗin bai kai ko'ina ba ta tuna kekenta ma yana cikin kwantenar. Ta yi istigfari a zuci.

"Auta, ki saurare ni. Ku biya na keken kawai, ko ku ce a dawo da shi. Don Allah."

"Yaya, ina gaya miki halin da muke ciki, ke ta kekenki kike yi?" Ta kashe waya.

Daga nan aka daina maganar kwantena a gabanta. In Auta ta kira, Mama ta kan ce, "Ba ni wayar, je ki duba tukunya." Kawu ya zo sau biyu suka yi ƙus-ƙus, da ta shigo suka koma hirar ciwon ƙafa. Sai a bakin titi ta ji. Ta ci karo da Mai Kwantena yana sayen lemo, ya gane ta, ya ce, "Ranki ya daɗe, ya haƙuri? Wallahi na ji ba daɗi. Na ce wa Injiniya ya daure ya fanshi ko rabi, ya ce tarkace ne, ba su kai kuɗin ajiyarsu ba. Ai tuni aka yi gwanjonsu."

"Tun yaushe?"

"Au, ba a gaya miki ba?"

Ta iso gida ta tarar da Kawu a ɗakin Mama, ya kawo wayarsa ana hira da Auta ta bidiyo. Auta tana zagayawa da su sabon gidansu. "Mama, kin ga gadon? Da maɓalli ake ɗaga kansa. Ga firij, ƙofa biyu. Biya ake yi kaɗan-kaɗan duk wata, nan haka kowa ke yi." Mama tana kwance a katifar ƙasa, ta kara wayar a fuska, tana ta sa albarka.

Yaya ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, an yi gwanjon kekena?"

Murmushin Auta ya ɓace. "Yaya, dama za mu gaya miki. Mama ce ta ce a bari ki huce. Kuma fa tsakani da Allah, kayan nan duk sun tsufa. Ko sun fito ma ba su dace da gidan nan ba."

"Gadon da aka haife ki a kai ne bai dace ba? Kujerar Baba?"

"Babba!" Mama ta daka tsawa. "Ba ni wayar nan."

"Kin gani ko?" in ji Kawu yana kaɗa kai. "Abin da na faɗa tun farko. Baƙin ciki ba ya ɓuya."

Yaya ta juyo ta dube shi. "Kawu, gaskiya ka faɗa. Ina jin haushinta, ina ƙyashinta, na daɗe ina yi, Allah ya yafe min. Amma ba jirgi nake wa ba, ba firij mai ƙofa biyu ba. Abin da nake wa shi ne, ita in ta yi kuka gidan nan kowa ya miƙe tsaye, ni in na yi a ce hali ne. Kun san ciwona, sai kuka kama shi kuka murɗa har na saki abin da nake ci da shi. To ko mai hassada ce ni, keken nawa ne. Hassada ba ta mayar da kayan mutum na wani. Kai da ka ce zan sha romo, ka taɓa zuwa ka tambaya da me muka kwana? Wa ya taɓa ɗaga Mama daga ƙasan nan sau ɗaya a cikinku?"

Kawu ya kawar da kai yana laluben takalmi da ƙafa. A cikin wayar Auta ta fashe da kuka, ana jin muryar Injiniya daga nesa yana cewa, "Kashe kawai, na gaya miki haka za ta yi."

Irin wannan gida ba ɗaya ba ne. A kan samu ɗa guda da aka yi wa hatimin haƙuri tun yana ƙarami, a riƙa yanka daga jikinsa ana yi wa wani ƙari, in ya yi shiru a ce ya yarda, in ya yi magana a ce baƙin ciki. 'Yan kwastan ma da ba su san Yaya ba, sun tsaya sun tambayi kayan nan na wane ne. A gidan da aka haife ta ba wanda ya yi wannan tambayar.

Mama ta fizge wayar. "Yi shiru, autata, yi shiru. Kar ki biye mata, za ki ja wa kanki ciwon kai a ƙasar mutane." Hoton ya fara tsinkewa, muryar Auta tana yankewa. Mama ta ɗaga wayar sama, ta karkata ta gefe, ba ta gyaru ba. A ɗakin nan sai a bakin taga ake samun layi.

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Kawu ya riga ya kai bakin ƙofa. Ba ta ko waiwayo ba, idonta na kan wayar, ta miƙa hannu ɗaya sama inda ta san akwai mai kamawa.

Yaya ta tsaya tana kallon hannun. Sannan ta dafe ƙugunta, ta sunkuya, ta sa kafaɗa a hammatar uwarta ta ɗaga ta, ta kai ta bakin taga. Ta tsaya a bayanta tana tallafe da ita, har aka gama lallashin Auta.